Sharhi: Ƙarancin dusar ƙanƙara na raba garuruwan tsaunukan Alps gida biyu

A duk safiyar hunturu, wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da ke tsaunukan Alps na nahiyar Turai sukan fitar da taƙaitaccen rahoto ga masu yawon buɗe ido. Rahoton kan faɗi zurfin dusar a ƙwanƙolin dutse da kuma gindinsa, da ranar da ta zuba ta ƙarshe, da ƙarfin iska, da adadin hanyoyin zamiya da aka buɗe, da kuma matakin haɗarin zaftarewar ƙanƙara, wanda ake aunawa daga 1 zuwa 5. Da wannan 'yar takarda iyali a Landan ko Faris ke yanke shawarar ko za su kama ɗaki a otal, da ita kuma mai otal ke sanin ko zai ƙara ma'aikata ko zai sallami waɗanda ya ɗauka. A shekarun baya-bayan nan rahoton ya fara ɗaukar wata ma'ana da ba ta cikinsa a da. Wanda ya iya karanta shi zai gane garin da ke da kuɗin sayen injina da haƙa tafkuna, da garin da yake zaman jiran abin da sama za ta zubo.

Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas, wato Faransa, Siwizalan, Italiya, Ostiriya, Jamus, Sulobeniya, Liktanstain da Monako. Mafi tsawonsu shi ne Mont Blanc, mai tsayin kimanin mita 4,806. Masu bin labaran duniya sun fi sanin yankin ta garin Davos, inda shugabanni da manyan attajirai ke taron tattalin arzikin duniya a kowane watan Janairu, kuma shi kansa Davos gari ne na wasan zamiya. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, zafin yankin ya ƙaru da kimanin digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya kusa ninka matsakaicin ƙaruwar da aka samu a duniya baki ɗaya.

Digiri biyu ba zai girgiza mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba, wanda ya saba ganin ma'auni ya haura 40 a watan Afrilu. A kan dutse lissafin daban ne, domin duk sana'ar ta rataya ne a kan layi guda, wato digiri sifili, inda ruwa ke daskarewa. In iska ta ɗan haura wannan layi, abin da zai sauko a matsayin dusa sai ya sauko a matsayin ruwan sama, ruwan kuma ya wanke dusar da ta riga ta kwanta. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 0.65 a duk mita 100 da mutum ya hau, saboda haka ƙarin digiri ɗaya na tura iyakar da dusa ke tsayawa sama da kimanin mita 150. Ƙauyen da aka gina a mita 1,200 ba shi da ƙafar da zai bi ta zuwa sama.

An ga hakan ƙarara a farkon shekarar 2023. Ranar 1 ga Janairu, garin Delémont na ƙasar Siwizalan ya ga zafin digiri 20.2, abin da ba a taɓa gani ba a watan Janairu a arewacin tsaunukan ƙasar. Bayan mako guda aka gudanar da gasar cin kofin duniya ta zamiya a Adelboden, ɗaya daga cikin tsofaffin filayen wasan da ake ji da su. Hotunan da aka watsa sun nuna siririyar farar hanya da injina suka shimfiɗa, tana gangarowa a tsakiyar ciyawa da jar ƙasa. An yi gasar, an ba da kofi, 'yan kallo sun yi shewa, amma wasu ƙananan wuraren zamiya a Faransa da Siwizalan da Ostiriya sun rufe hanyoyinsu a daidai hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, makonnin da suke samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu na shekara.

Shekara guda ba ta isa hujja ba, kuma masu musun sauyin yanayi sukan yi saurin nuna shekarun da dusa ta zuba har ta toshe ƙofofi. Gaskiya ne ana samun irin waɗannan ranaku. A tsakiyar Afrilun 2025 dusa ta zubo fiye da mita guda a Tignes na Faransa cikin ɗan lokaci, har hukumomi suka umarci mutane su zauna a gida, garin Zermatt na Siwizalan kuma ya yanke daga sauran ƙasar. Sai dai dusar da ta zo ana shirin rufe kaka ba ta biya wa mai otal asarar Disamba. Iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi, don haka in ta sako sai ta sako da yawa a lokaci guda, sannan a yi makonni ba ko ɗigo. Manomin da ya taɓa ganin ruwan kwana guda ya cinye gona bayan fari na wata guda ya san cewa yawan abin da ya zuba da amfaninsa ba ɗaya ba ne.

Dogon bincike ya fi hoton rana guda faɗin gaskiya. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara bayanan tashoshin auna yanayi fiye da 2,000 a faɗin Alps daga 1971 zuwa 2019, ya gano cewa a ƙasa da tsayin mita 2,000 kakar dusa ta ragu da kwanaki 22 zuwa 34. Wani kuma da masana a Italiya suka buga a 2023 a mujallar Nature Climate Change ya bi zoben shekaru da ke jikin wani ɗan gajeren itace mai tsiro a kan tsaunuka, ya nuna cewa kwanakin da dusa ke rufe ƙasa a yanzu sun gaza matsakaicin da aka saba da kwanaki 36, raguwar da ba a ga irinta ba cikin shekaru 600. Masu wannan sana'a na da wata tsohuwar ƙa'ida: wurin zamiya ba ya riƙe kansa sai ya samu aƙalla kwanaki 100 da dusa mai zurfin santimita 30 a bakwai daga cikin kowane hunturu goma. Wanda aka zabtare wa wata guda daga cikin kwanaki 100 ya riga ya faɗo ƙasa da wannan ƙa'ida.

Amsar da masu harkar suka bayar ita ce inji. Injin dusa na fesa ruwa da matsattsiyar iska zuwa sama, ɗigon ruwan ya daskare kafin ya faɗo. Lita 1,000 ta ruwa na ba da dusa kimanin mita biyu zuwa biyu da rabi a ma'aunin murabba'i mai zurfi. Ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente da ke Italiya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya a ƙasar sun dogara da wannan dusa, Ostiriya kashi 70, Siwizalan kusan rabi, Faransa kuma kashi 39. Wasu garuruwan, cikinsu har da Davos, sukan tara tulin dusa a ƙarshen hunturu su lulluɓe shi da garin katako, ya kwana bazara, su baje abin da ya rage a watan Oktoba ko Nuwamba. Dabara ce irin ta rumbu, bambancin kawai shi ne hatsin da ke ciki narkewa yake yi.

Injin yana da sharuɗɗa uku, kuma kowane ɗaya daga cikinsu na tace waɗanda za su iya shiga. Na farko sanyi ne, domin ba ya aiki sai iska ta sauka kimanin digiri 2 ƙasa da sifili, ga kuma ƙarancin danshi. A daren da zafi ya tsaya a digiri 5, duk tsadar injin ruwa kawai zai fesa. Na biyu wutar lantarki ce, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022. Na uku, wanda ya fi sauran tayar da ƙura, shi ne ruwa. Ana buƙatarsa da yawa cikin 'yan kwanaki a farkon hunturu, lokacin da koramun dutse ke mafi ƙarancin gudu, shi ya sa ake haƙa manyan tafkuna a saman tsaunuka. A La Clusaz na Faransa, shirin haƙa tafki mai ɗaukar lita miliyan 148 a cikin wani daji ya sa masu fafutuka suka kafa sansani a kan bishiyoyi, sannan a Oktoban 2022 wata kotu a Grenoble ta dakatar da aikin.

A nan ne dutsen ya rabu biyu. A sama akwai irin su Val Thorens, wanda aka gina a tsayin mita 2,300, da Tignes da Zermatt. Su ba su rasa baƙi ba, ƙaruwa ma suke yi, domin duk wanda ya ji tsoron ya biya kuɗi ya tarar da ciyawa, sama yake hawa. Manyan masu zuba jari sun fahimci haka. Kamfanin Vail Resorts na Amurka ya sayi mafi yawan hannun jarin wurin zamiya na Andermatt a 2022, ya biyo da Crans-Montana, dukansu a Siwizalan. Kuɗin tikiti na hawa shekara bayan shekara, wasan da a da malamin makaranta a Grenoble ke kai 'ya'yansa ranar Asabar yana komawa na masu hannu da shuni.

A ƙasa kuma akwai ƙananan wurare da ƙananan hukumomi ke ɗauke da nauyinsu. La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, ya rufe a 2023 bayan majalisar garin ta gaji da cike giɓin da ya kai kusan Yuro 500,000 a shekara. A Oktoban 2024 mazauna Seyne da ke kudancin Alps na Faransa suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kashi 71 cikin 100 suka amince a rufe wurin zamiya na Grand Puy. A wannan watan ne kuma majalisar yankin Matheysine ta yanke shawarar daina tallafa wa Alpe du Grand Serre, wanda ya shafe shekaru 85 yana aiki, bayan ta zuba masa kimanin Yuro miliyan 2.8 tun daga 2017. Ayyukan yi kusan 200 ne suka rataya a kansa. Mutanen yankin suka yi ca, aka buɗe asusun neman taimako, gwamnati ta sa hannu, aka samu jinkiri. Sunan ƙauyen da wurin yake La Morte, wanda a Faransanci ke nufin matacciya, kuma 'yan jarida ba su bar wannan dama ta wuce su ba.

Abin da ke faruwa idan aka rufe irin wannan wuri ya wuce batun wasa. Yawancin waɗannan ƙauyuka na makiyaya ne da matasansu suka riƙa gudu zuwa birane tun kafin yaƙin duniya na biyu. Daga 1964 zuwa 1977 gwamnatin Faransa ta aiwatar da wani babban shiri na gina wuraren zamiya, aka riƙa kiran dusar da farin zinare. Makiyayin da ke kiwon shanu da bazara ya samu aikin tuƙa injin hawa da mutane da hunturu, matarsa ta buɗe ɗakunan haya, makarantar firamare ta samu yara, likita ya zauna. A yau ana ƙiyasta cewa ayyukan yi kusan 120,000 a Faransa sun dogara da buɗe wuraren zamiya. In kujerun da ke tafiya a kan igiya suka tsaya, gidan burodi ne ke fara rufewa, sai farashin gidaje ya faɗi, wanda ya ci bashin banki ya sayi ɗaki don haya ya rasa mai saye.

Duk da haka, ba a yi wa masu biyan haraji adalci ba in aka ce a ci gaba da zuba kuɗinsu a ramin da ba ya cika. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a Fabrairun 2024 bayan ta duba wuraren zamiya 42, inda ta ce tsarin da aka gina sana'ar a kai ya fara ƙarewa da numfashi, kuma hukumomin yankin sun fi mayar da hankali ga sayen injin dusa fiye da neman wata hanyar samun abinci. Wannan suka tana da tushe. Shugaban ƙaramar hukumar da wa'adinsa shekaru shida ne ya fi son a tuna da shi a matsayin wanda ya kawo sabon inji, ba ya son a ce a hannunsa aka rufe dutsen. Bashin injin kuwa shekaru 20 ko fiye ake biyansa, kuma ba wanda zai iya ba shi tabbacin cewa daren Disamba na shekarar 2040 zai yi sanyin da injin ke buƙata.

Alƙaluman gaba ba su da daɗin ji. Wani nazari da aka buga a Agustan 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya nuna cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2 a kan na kafin zamanin masana'antu, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin rashin dusa in ba inji, in kuma ya kai digiri 4, kashi 98 ne. Ko da an shimfiɗa injina a rabin hanyoyin kowane wuri, adadin zai tsaya ne a kashi 27 da kashi 71. Ma'ana injin na sayen lokaci, kuma ga wasu wuraren lokacin da yake saye yana da yawa, amma ga na ƙasa kaɗan ne.

Su ma na saman ba su tsira gaba ɗaya ba. Curin ƙanƙarar da ke kwance a kan tsaunuka tun dubban shekaru yana narkewa da saurin da ya ba masana mamaki. A Siwizalan kaɗai ya rasa kashi 10 cikin 100 na girmansa a cikin shekaru biyu, kashi 6 a 2022 da kashi 4 a 2023. A daren 20 zuwa 21 ga Agustan 2023, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta tarar cewa sai an hau mita 5,298 kafin a kai digiri sifili, wato sama da kan Mont Blanc da kusan mita 500. Gasar zamiya da aka tsara tsakanin Zermatt da Cervinia na Italiya, wadda aka yi alfaharin cewa za ta fara daga wuri mafi tsayi a tarihin gasar kofin duniya, an soke ta a 2022 saboda rashin dusa a ƙasan hanyar, aka sake soke ta a 2023 saboda iska da mummunan yanayi, daga baya aka cire ta daga jadawali. Hotunan motocin haƙa suna farfasa curin Theodul domin gyara hanyar sun jawo wa masu shirin suka mai zafi. Hatta kan iyakar Siwizalan da Italiya a wannan yanki sai da aka sake shata ta, domin ƙanƙarar da aka yi alama da ita ta gusa.

Akwai hannun Sahara a cikin wannan labari. A wasu lokutan iska kan kwaso ƙura daga arewacin hamadar, musamman ɓangaren Aljeriya da Maroko, ta tsallake Bahar Rum ta sauke ta a kan Alps, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da Maris na 2022, lokacin da fararen tsaunuka suka koma ruwan ƙasa. Ƙurar da ke sa mutanen Kano da Damagaram rufe hanci da hunturu 'yar'uwarta ce, duk da cewa tasu ta fi fitowa daga ɓangaren Chadi. Farar dusa na mayar da mafi yawan hasken rana sama, wadda ƙura ta rina kuwa shanye shi take yi, sai ta narke da wuri. Masana a Siwizalan sun lissafa wannan ƙura cikin dalilan mummunar asarar 2022, tare da ƙarancin dusar hunturu da tsananin zafin bazara.

Narkewar na kashe mutane. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na curin Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. Ranar 28 ga Mayun 2025 curin Birch ya rufto da duwatsu da laka ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Siwizalan. An riga an kwashe mazaunansa kusan 300 kwanaki kafin nan, domin masu sa ido sun ga dutsen yana motsi, amma duk da haka an rasa mutum guda.

Wanda bai taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafarsa ba ma abin ya shafe shi, domin dusar Alps ma'ajiyar ruwan Turai ce. Tana taruwa da hunturu, ta riƙa narkewa sannu a hankali da bazara tana ciyar da kogunan Rhine da Rhône da Po, da wasu rassan Danube. Bayan hunturun da ya zo da ƙarancin dusa, kogin Po ya shiga fari mafi muni cikin shekaru 70 a 2022, ruwan gishiri ya kutso daga teku zuwa gonaki, manoman shinkafa suka tafka asara a ƙasar da ta fi kowace noman shinkafa a Tarayyar Turai. A wannan bazarar jiragen ruwa masu dakon kwal da man fetur a kogin Rhine sun rage kayansu domin kada su kafe. Tafkin da aka haƙa domin injin dusa da gonar shinkafar da ke can ƙasa daga tushe guda suke sha, kuma a shekarar ƙaranci dole wani ya haƙura.

Wasannin Olympics na hunturu, waɗanda aka fara a Chamonix da ke gindin Mont Blanc a 1924, su ma sun shiga wannan tsaka mai wuya. Na birnin Beijin a 2022, inda Samuel Ikpefan, haifaffen yankin Alps na Faransa, ya wakilci Najeriya a tseren zamiya na dogon zango, kusan gaba ɗaya a kan dusar inji aka yi su. Na 2026 an ba Milan da Cortina d'Ampezzo na Italiya, garin da ya karɓi baƙuncin wasannin a 1956 ba tare da inji ko ɗaya ba, amma a wannan karo sai da aka tanadi sababbin tafkuna da injina a filayen gasar. Na 2030 kuma yankin Alps na Faransa aka ba, kuma shi kaɗai ya rage a zagayen ƙarshe na neman karɓar baƙuncin.

Ƙauyukan da suka haƙura da zamiya suna gwada hawan keke a kan tsaunuka, da tattaki, da karɓar mutanen birni masu gudun zafin bazara, waɗanda yawansu ke ƙaruwa. Matsalar ita ce mai tattaki ba ya sayen tikitin hawa, ba ya hayar kayan zamiya, sau da yawa ma da guzurinsa yake zuwa, don haka kuɗin da yake bari bai kai na ɗan wasan zamiya ba. Akwai kuma ƙarafan da aka bari. Wani bincike a Jami'ar Grenoble ya ƙirga wuraren zamiya 186 da aka rufe a Faransa, da dama daga cikinsu turakunsu da igiyoyinsu na nan tsaye suna tsatsa. Dokar 2016 ta wajabta wa masu kafa sababbin injinan hawa su cire su in sun daina aiki, amma ba ta shafi tsofaffin ba. Ƙungiyar Mountain Wilderness na tara 'yan sa kai domin wannan aiki tun 2001, wasu ƙananan hukumomin kuma sun ɗauki nauyin da kansu, kamar Saint-Firmin, inda aka tumɓuke turakun injin ƙauyen a ƙarshen 2022 bayan ya shafe fiye da shekaru goma bai ɗauki kowa ba.